Motar da Ta Mutu a Jikin Katangata

Duk faɗin Magarya, da layukanta da filayenta, motar nan ba ta ga wurin mutuwa ba sai jikin katangata. Ina tsakar gida da hantsi ina tuyar ƙuli-ƙuli na ji ruri, ƙasa na rawa, sai tari, sai wani tarin, sai shiru. Na ɗaga kai na ga inuwa ta rufe min kasko. Babbar mota ce, irin tsofaffin kamiyon nan masu bodin katako da ke kwaso gyaɗa da wake daga kasuwannin ƙauye. Kan motar, wato inda direba ke zama, ya ɗara katangata tsawo, tagarsa tana kallon tsakar gidana kai tsaye, har da makewayinmu da ba shi da rufi.

Na jefar da matsami, na ja mayafi, na fita da masifata a baki. Abin da na tarar ya ɗan rage min ƙarfi. Wani tsoho ne siriri mai farin gemu, hularsa duk baƙin mai, ya dafa gaban motar yana shafa ta kamar mai lallashin saniya.

Na ce, "Baba, lafiya? Nan tasha ce?"

Bai amsa ba sai da ya gaishe ni tsaf, ina kwana, ina gajiya, ina yara, ina maigidan. Sannan ya ce, "Gajiya ta yi, ƴata. Zuwa la'asar za mu tashi, in Allah ya so."

La'asar ɗin nan ba ta zo ba har aka yi shuka aka girbe. Makanike ya zo ya shiga ƙarƙashinta, ya fito yana girgiza kai, ya ce wani ƙarfe ne ya karye a cikin inji, kuma irinsa sai Kano, wajen masu tsofaffin kaya. Ga iyakar ƙasa a rufe a lokacin, ba halin zuwa. Aka zo da amalanke aka kwashe buhunan da ke ciki, masu kaya suka tafi, aka bar tsoho da motarsa. Tasa ce ta kansa, ita ya tuƙa tun gemunsa na baƙi. Daga baya muka ji sauran labarin: mutumin wani ƙauye ne can wajen Waca, matarsa ta rasu, ɗakinsu ya faɗi da damina bai sake tada shi ba, ƴaƴansa mata suna aure nesa. Ya daɗe yana kwana a kan motar nan, bambancin kawai da tana tafiya, yanzu ta tsaya.

Kashegarin ranar da motar ta mutu, da safe na shiga makewayi da bokitina, na rataye zane, na watsa ruwan farko ke nan, sai na ji murya ta tsaga unguwa:

"Gafara masu gida! Za a hau sama! Mata a kimtsa!"

Wallahi kaɗan ya hana in faɗa cikin bokitin. Na fizgi zane na ɗaura da sabulu a ido, na ruga ɗaki ina tuntuɓe da kaji. Shi kuwa yana can ƙasa yana gyaran murya, yana ba mu lokaci, sai da ya tabbata kowa ta shige sannan na ji ƙarar ƙofar mota. Jim kaɗan ya sake ɗaga murya: "An sauka! Allah ya ba ku haƙuri!"

Da na fita in ji dalilin wannan shela, ya yi min bayani yana dama shayinsa. Ya ce can garinsu dabino a cikin gidaje yake tsirowa, kuma da ƙuruciya shi mahayin dabino ne. Mahayi ba ya ɗora ƙafa a bishiya sai ya yi kira, saboda wanda ke sama yana ganin tsakar gidan kowa. Ya ce, "Mota ba dabino ba ce, amma sama sama ce." Na tsaya da hannu a ƙugu, na nemi abin da zan yi faɗa a kai na rasa, na koma gida ina ƙunƙuni.

Sai dai fa Baba mutum ne mai mantuwa. Ya hau ya sauko, ya tuna carbi. Ya hau ya sauko, ya tuna rediyo. Kowace hawa da kiranta, kowace kira kuwa sai matan gidajen da ke jere da nawa su watse, mai tankaɗe ta bar rariya, mai shayarwa ta suri jariri. Maƙwabciyata, wadda katanga ɗaya ta raba mu, ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa gudu irin na watan nan ba, har ciwon gwiwarta ya warke. Ni da na gaji na leƙa na ce, "Haba Baba! Ka tattara mantuwarka ka hau sau ɗaya mana, tuwona ya yi gudaji saboda kai!" Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce zai gyara. Bai gyara ba, mu ne dai muka saba. Muka koma ɗaura ɗankwali kawai mu ci gaba da aikinmu, yara kuma suka mayar da kiran wasa, ko turmi yaro zai hau sai ya yi shela.

Layinmu miƙaƙƙe ne daga tasha zuwa kasuwa, kuma kafin zuwan motar nan ƴan kabu-kabu sun mayar da shi filin tsere. Ƴar maƙwabciyata har yau tana ɗan jan ƙafa saboda wani da ya kwashe ta a ƙofar gidansu ya wuce. Mun yi ƙara, mun jera duwatsu an kwashe, mun haƙa rami ya cike. Motar Baba ta zo ta cinye rabin hanya, ga yashi a ɗaya rabin, dole mai babur ya sassauta ya lallaɓa yana zagi. Su suna zagi, mu muna hamdala.

Akwai kuma lungun da ke tsakanin katangata da ta gidan da ke ɗaya gefen. Da, nan ne matattarar samari masu haɗiyar ƙwayoyi, nan ne kuma duk wanda fitsari ya kama a hanyar kasuwa yake tsugunawa. Ba na aiken ƴaƴana mata ta wajen ko da rana tsaka. Baba ya share wurin, ya zuba sabon yashi, ya jera duwatsu ya yi masallacinsa. Bai kori kowa ba, gaishe su ma yake yi, ya tambayi yaro ɗan gidan wa ne, ya ce a gai da babansa. To wa zai iya haɗiyar ƙwaya a gaban tsohon da ya san sunan ubansa? Ɗaya bayan ɗaya suka sauya wuri.

Yini yake a inuwar motar bisa tabarma, yana liƙin bokiti da gyaran fitila, yara na wasa a gabansa. In yaro ya nufi titi sai ka ji, "Kai, dawo nan!" Mukan tafi injin niƙa ko barka mu bar masa su, mu dawo mu tarar yana ba su labarin hanyar Dungas ta da, yadda yashi ke haɗiye taya har sai an sari kaba an shimfiɗa. Kwanon abincinsa kuwa zagayen gidaje yake yi ba tare da an zauna an tsara ba. In na ga an riga ni kai masa, haushi nake ji, don na san miyata ta fi.

Ba kowa ne ya ji daɗin zamansa ba. Wan mijina, wanda muke ce wa Alhaji, gidansa ne ke kallon nawa, kuma hatsi yake saye da sayarwa. Amalankensa ba sa iya juyawa a ƙofar gida sai an kwance jaki an tura da hannu. Amma ba wannan yake faɗa a gaban mutane ba. Cewa yake, mutumin da ba shi da ƙofar gida, in ya yi ɓarna ina za a kai ƙararsa? Ya ce ƙarƙashin mota maɓoyar macizai ce, bodinta kuma tsani ne aka kafa wa ɓarayi a jikin katangar ƙaninsa. Ya ce kuma namiji baƙo yana kwana sama da kan matan aure, in da mutunci ai ba a bari.

Ni da Alhaji ba ma shan ruwa a kofi ɗaya tun ina amarya, amma ba zan ce duk maganarsa ƙarya ba ce. An kashe kububuwa a ƙarƙashin motar da damina. Sannan abin da ya yi ta faɗa ya faru. Ragonsa na layya da ya ba mu ajiya a turkenmu, aka wayi gari babu shi. Ga sawun takalmi a kan katakon bodi, ga inda aka dira cikin gidana, ga ƙofa an zare sakata ta ciki an fita da rago. Baba yana cikin kan mota yana barci, kunnensa ɗaya dama ba ya ji, bai san an yi ba.

Maza suka taru a zauren mai unguwa, suka fito da hukunci. Za a roƙi tarakta daga meri, wato ofishin magajin gari, ta ja motar zuwa filin bayan duwan, ofishin kwastan na bakin gari, inda ake jibge matattun motoci. Wurin nan ba famfo, ba bishiya, ba maƙwabci, sai ƙarafa da karnuka. Kowa ya san in aka ja motar an ja Baba, don ba zai rabu da ita ba, kuma tsoho irinsa ba zai kai damina a can ba. Da aka gaya masa, cewa kawai ya yi, "To, Allah ya sa haka shi ne alheri." Ya je har ƙofar Alhaji ya jajanta masa ragon.

Ni kuwa na tasa maigidana a gaba. Mutumin kirki ne, Allah ya sani, amma in wansa na magana kalma ɗaya ya iya, ita ce "to". Na ce, "Malam, kana zaune aka yanke wannan? Mutumin da yake ba ƴaƴanka ragowar shayi? Rago ne fa, ba rai ba!" Ya ce in yi haƙuri, manya sun gama magana. Na ce manyan su zo su ci tuwon dare, ni ban dafa ba. Na dafa daga baya, amma sai da ya ji a jikinsa.

Ana cikin jiran tarakta bazara ta kankama, irin zafin nan da ko ƙadangare ba ya fita. Wata safiya na cika bokiti na zauna ina jira, don na saba sai Baba ya ce an sauka nake shiga wanka. Rana ta ɗaga, shiru. Maƙwabciyata ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Ke, kin ji Baba yau?" Na ce ban ji ba.

Muka fita. Mazan layin duk sun tafi sharar gona tun asuba, shagon Alhaji a kasuwa yake. Ga takalman Baba a ƙasa daidai matakin mota, ga butarsa a bushe. Muka yi kira, muka bubbuga ƙarfe da dutse, ba amsa. Mata suka firfito suka tsaya cirko-cirko, kowa na kallon ƴar'uwarta. Ni Allah ya hore min jiki, ko kan gadona da bismillah nake hawa. Amma na ga in aka tsaya kallon-kallo za a yi asara. Na tamke zane, na kama ƙarfen ƙofa, sai na ji bakina da kansa ya ce, "Gafara masu gida! Za a hau sama! Maza a kimtsa!" Matan nan suka tuntsire da dariya ga hawaye a idonsu, mutum biyu suka tallafe ni ta baya suka tura.

Da na buɗe ƙofar, zafin da ya bugi fuskata kamar na buɗe tanda. Baba na kwance a kan kujera, leɓɓansa sun tsattsage, jikinsa ya yi zafi rau, yana numfashi sama-sama. Na kira shi ya buɗe ido bai gane ni ba. Na miƙa hannu in buɗe ɗaya tagar iska ta shigo, sai na ga ba ta buɗuwa. Ya ɗage gilashin har sama, ya liƙe shi da kwali ninki-ninki ta ciki, ya ɗaure da waya. Tagar da ke kallon gidana ce, kuma ta nan ne iskar bazara ke zuwa. Mu daga tsakar gida gilashi mai ƙura kawai muke gani, ba mu taɓa sanin ya toshe shi ba. Ashe duk watannin nan tsohon nan dafa kansa yake yi a cikin ƙarfe don kada idonsa ya faɗa gidana ko bisa kuskure, kuma duk da haka bai fasa yi mana kira ba. Na zauna a bakin kujerar na fashe da kuka, tausayinsa da ƙaunarsa suka cika min ciki, da wata irin zuciya da ban san wa zan huce wa ba.

Da zane muka sauko da shi, mata a sama mata a ƙasa, bai fi nauyin damin gero ba. Mai amalanken ruwa ya sauke jarkokinsa ya ɗauke shi zuwa likita. Majo, babban ma'aikacin jinya, ya duba ya ce masassara ce ta haɗu da ƙishirwa, ya ɗaura masa ƙarin ruwa, ya ce sai ya kwana biyu a wajensu. Da ya farfaɗo na kai masa kunu, maganarsa ta farko ita ce, "An ja ta?" Na ce ya sha kununsa.

Yana can kwance aka aiko cewa tarakta za ta zo da hantsi. Alhaji ya ce ya ma fi sauƙi, tun da ba kowa a ciki. Wannan magana ita ta tada ni. Da sassafe na bi gidaje ɗaya bayan ɗaya, na ce kowace mace ta ɗauko aikin da za ta yi yau ta biyo ni. Ba wadda ta tambaye ni dalili, labarin tagar ya riga ya zagaye layin.

Muka kafa turmi muka hau bodi. Mai ɓarar gyaɗa ta hau da tirenta, mai tsince wake, mai saƙar hula, masu goyo da goyonsu. Muka zagaye katakon da zannuwa muka yi labule. Aka kafa murhu a gindin taya aka ɗora tukunya. Faccalata, matar Alhaji da kanta, ta zo tana taku ɗai-ɗai, ta ce ita dama yau za ta yi kitso. Aka ja ta sama, ta zauna a tsakiya, ta tuɓe ɗankwali aka hau tsifa. Ni kuma na zaro gawayi daga murhu, na rubuta a ƙofar motar da manyan baƙaƙe irin wanda ake rubutawa a zauren gidan da ke da matan aure: BA SHIGA.

Ga tarakta nan tafe tana hayaƙi, Alhaji a gaba, mai unguwa na biye da sandarsa. Mai tarakta, wani magidanci mai gashin baki, ya diro da sarƙa a kafaɗa. Ya zo dab da mota, ya ji kukan jarirai da shewar mata, ya ɗaga kai ya ga rubutu. Sai ya ja da baya, ya juya mana ƙeya, ya tsaya yana kallon katangar Alhaji.

Alhaji ya daka tsawa: "Wane irin shashanci ne wannan? Ku sauko!"

Daga bayan labule faccalata ta amsa da muryarta mai sanyi: "Alhaji, kaina a tsefe yake. In ka yarda maza su gan ni haka, to bismillah, ga ni nan saukowa."

Wayyo, ina ma a ce kun ga fuskarsa! Ya juya ga mai tarakta ya ce ya ɗaura sarƙa kawai, in sun ji motsi za su diro. Mutumin, har yanzu ƙeyarsa muke gani, ya ce, "Alhaji, jan mota aka aiko ni, ba a aiko ni jan matan mutane ba. Ni ma ina da iyali."

Mai unguwa tsoho ne mai son dariya amma ba ya so a gani, sai ya yi ta shafa gemu yana rufe baki. Ya ce wa ke magana da yawun matan nan? Na ce ni ce, ranka ya daɗe. Na faɗa masa babura, na faɗa masa lungu, na faɗa masa yaran da muke bari. Na ce maganar rago gaskiya ce, a gidana aka dira, ni ya kamata in fi kowa tsoro, kuma ban ce a bar tsani a jikin katangata ba. Amma maganar ido a kan matan aure, na ce, Yaya Alhaji ya hau da kansa ya ga abin da baƙon yake kallo. Mun ba shi izini.

Ya so ya ƙi, mai unguwa ya nuna masa matakin da sanda. Ya tattare babbar riga ya hau yana huci, ya shige. Bai daɗe ba ya fito, gumi na ɗiga daga gemunsa, hularsa a hannu. Bai kalli kowa ba. Ya ce a hankali, "Wa ya ce masa ya yi haka?"

Mai unguwa ya dubi murhu, ya dubi labule, ya dubi rubutun gawayi. Ya ce, "Ga wuta, ga tukunya, ga mata, ga rubutu a ƙofa. Ni tun da na gaji ubana ban taɓa sa an ja gida an kai bayan gari ba." Muka ɗauki guɗa, ya ɗaga sanda ya ce bai gama ba. Ya ce Alhaji ma yana da gaskiyarsa. Tun da ga sarƙa ta zo, a janye gidan daga jikin katanga zuwa gindin dogon yaron da ke gaba kaɗan, inda ba wanda zai taka shi ya dira gidan wani, tagar kuma fili za ta kalla. Hanya dai tana nan a matse, amalanken Alhaji kuma su samu wurin juyawa. Ya ce mu sauko a ja.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba don mun ƙi maganarka ba, amma in muka sauka tarakta ta manta ta wuce bishiyar fa?"

Nan dariyar ta ƙwace masa. Ya ce wa mai tarakta, "Ja su a hankali, ni na ɗauki nauyin."

Haka aka ja mu. Tayoyin sun daɗe da sacewa, motar na tafiya tana ɗingishi, katako na kuka, gyaɗa na zubewa, mu kuwa muna riƙe da juna muna guɗa kamar masu kai amarya. Yara na bin mu a guje, ƴan kabu-kabu sun tsaya suna danna oda. Tafiyar ba ta fi daga ƙofata zuwa ƙofar gida na uku ba, amma ban taɓa hawa motar da ta yi min daɗi irinta ba. Faccalata ta ce ita Alhaji bai taɓa kai ta yawo mai nisan wannan ba.

Muka wanke kan motar da omo, muka ɓamɓare kwalin, muka sauke gilashin, iska ta ratsa ta wannan taga ta fita ta waccan. Da yamma kuma aka ga yaran shagon Alhaji sun kawo sabuwar tabarma da randa sun ajiye a gindin bishiya. Bodin kuwa mun ɗanɗana mun ji daɗi, sama ga iska ga inuwa, sai ya zama wurin aikinmu na hantsi.

Ba wanda ya gaya wa Baba. Ranar da aka sallame shi maigidana ya je ɗauko shi a amalanke. Baba ya ce a wuce da shi bayan duwan kai tsaye, kada a bi ta layi, ba ya so ya tada wa mutane hankali. Malam ya ce "to", ya karkato da jaki ya biyo layi. Rannan na yafe masa "to" ɗinsa duka.

Muna bisa bodi muna ɓarar gyaɗa muka hango su ta tsakanin zannuwa. Baba ya dubi jikin katangata ya ga wayam, sai sawun taya da baƙin mai a ƙasa. Ya sunkuyar da kai. Malam ya taɓa kafaɗarsa ya nuna masa gaba. Ya sauko da ƙyar, yana dafa amalanke, ya tako har gindin bishiyar. Ya ga randa, ya ga tukunya a wuta, ya ga taga a buɗe. Bai yi lakwal ba, bai san boko ba, amma ba namijin da bai san kamannin rubutun da ke jikin ƙofar nan ba. Ya ja ya tsaya nesa kaɗan, ya tuɓe takalmansa, ya gyara hula.

Ya ce, "Salamu alaikum."

Muka haɗa baki, mu duka, manya da yara: "Wa alaikumus salam! Maraba da maigida! Sannu da zuwa!"

Can ya dubi maigidana ya ce, "Malam, tun da mai ɗakina ta rasu ban yi sallama a ƙofata an amsa ba."

Ya juyo ya fuskanci motar, ya share ido da hannun riga, ya sake cewa, "Salamu alaikum."

Muka sake amsa masa.